Gyaran da wani dattijo ya yi wa libarbata ta albarushi

Shekara biyu ke nan da na sayi kwafin libarbar Colt 1851 Navy a nan Texas, ƙirar Italiya, irin waɗanda ake ƙerawa a yankin Brescia. Ta albarushi ce, mai ɗaki shida, ana ɗura ta da hannu: albarushi, sai dunƙulen dalma, sannan a kafa 'yar hular tagullar da ke tayar da wuta a baya. Ƙanshin hayaƙinta ne ya fara jan hankalina, don yana tuna mini bindigar tokar kakana.

Kyau kam tana da shi, amma cikinta da sauran aiki. In na ja gudumar da ke buga hular baya sai in ji ƙaras-ƙaras kamar an zuba yashi. Kunamar kuma sai na matsa har hannuna ya karkace kafin ta saki. Ga wani zane da ya fara zagaye silindar da ke ɗauke da ɗakunan shida, alamar ƙarfen da ke kulle ta yana tasowa tun lokacinsa bai yi ba. Na so in sa magagari in gyara da kaina, wani abokin harbi a filin atisaye ya ce in rufa wa kaina asiri, ya kwatanta mini shagon wani dattijon makerin bindigogi.

Abin da ya fara burge ni shi ne a gabana ya wargaza ta. Ya ɗauko ɗan ƙarfen da ke tura silinda ta juya, ya ce in shafa gefensa da farce. Na shafa, farcen ya sarƙe da ƙaiƙayin ƙarfen da injin ya bari. Ya ce wannan da irinsa a ramin da yake zamewa su ne yashin da nake ji. Da ɗan farin dutsen wasa na Arkansas da ɗigon mai yake aiki, kuma goge fuskar ƙarfen kawai yake yi har ta yi sheƙi, ba ya cin jikinsa. Dalilinsa mai ƙarfi ne: taurin waɗannan ƙananan ƙarafa sau da yawa a fatar waje yake, in an cinye ta sai a tarar da laushi a ciki, ya riƙa lalacewa da wuri.

Na roƙe shi abu biyu, ya ƙi. Na farko ya sassauta babban sifirin da ke tura guduma sosai, ya ce in ya yi haka gudumar ba za ta riƙa fasa hular ba, kuma ƙarfin harbi zai iya turo ta baya. Na biyu ya rage tsagin da kunama ke kamawa, ya ce nan wurin ne ke hana bindiga tashi da kanta, ba zai taɓa kusurwarsa ba. A lokacin raina ya ɗan sosu, yanzu kuwa wannan ƙin ne ya sa na amince da shi.

Da na karɓo ta, bambancin a babban yatsa na fara jin sa. Gudumar na tafiya sumul, silinda na kullewa daram daidai lokacin da guduma ta kai ƙarshe, zanen nan bai ƙara zurfi ba. Kunama ba ta yi sako-sako ba, amma tana saki a tsaf, ba ta jan ƙafa. Harbina a taku ashirin da biyar ya taru wuri guda fiye da da.

Inda nake da ƙorafi shi ne lokaci. Ya ce mako biyu, sai da na yi biyar, kuma ba ya ɗaga waya. Kuɗin aikin ma ya kusa rabin kuɗin bindigar. Sannan ɓaraguzan hula har yanzu sukan faɗa tsakanin guduma da gangar jiki lokaci-lokaci su cije ta, wanda tsohuwar matsalar wannan ƙira ce ta Colt mai buɗaɗɗen sama. Ya ce akwai ɗan ƙusar da ake kafawa don tare su, aiki ne daban da kuɗinsa daban. Na riga na ba shi sunana a layi, zan mayar masa da ita bayan Sallah.