Ranar da aka fizge tiyo daga hannuna a Arizona

Ƙarfe uku na dare muke fara zuba kankare a nan Finiks, jihar Arizona, idan zafi ya kankama. Ku tuna Katsina a watan Afrilu, sannan ku ƙara. A 2023 sai da garin nan ya jera kwana 31 kullum zafi yana kai digiri 43 ko ya haura.

Satina biyu da fara aiki da masu zuba daɓen gidaje abin ya faru. Motar kwaɓi ta juye, na sa shebur na ji kankaren ya yi kauri, ba ya bin hannu. Sai na yi abin da na tashi na ga kowane lebura yana yi: na jawo tiyo na sakar masa ruwa. Ban ankara ba sai ji na yi an fizge tiyon. Shugaban aikinmu ne, wani dattijo ɗan asalin Meksiko. Ya daka mini tsawa a gaban kowa, ya sa aka kwashe inda na jiƙa aka zubar, ya ce in koma gefe in riƙe fitila. Ni da na yi shekara takwas ina bin magina tun daga Ƙofar Ƙaura har Kwaɗo! Wallahi har gari ya waye ban iya haɗa ido da kowa ba.

Da muka tashi, bai ba ni haƙuri ba, mota ya ce in shiga. Gidansa ya kai ni, a unguwar Maryvale, cikin gidajen da aka gina tun shekarun 1950. Ya buɗe gareji ya nuna mini ƙasa. Daɓen farko ne, da 'yan siraran tsagu nan da can, amma ko gezau. Ya ce a wajensu daɓen da bai haura shekara 50 ba, akwai wanda ya ci amana. Busasshiyar ƙasa gata ce ga kankare: babu sanyin da zai daskarar da ruwa a cikinsa ya fasa shi, babu iskar gishiri irin ta Legas da ke cin rodi. Ina jin haka gabana ya faɗi, don Katsina ma tana da wannan gatan.

To me ke kashe namu? Ruwa. Buhun siminti mai kilo 50 bai buƙatar fiye da jarka guda, lita 25. Duk abin da ka ƙara don shebur ya yi sauƙi, rana za ta zuƙe shi ta bar ƙananan ramuka kamar cikin burodi. Kuma siminti ba shanya yake so ba, danshi yake ci yana ƙarfi a hankali, sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Wato a kwaɓa da ruwa kaɗan, a shayar da shi da yawa bayan ya kama, aƙalla kwana bakwai. Mu mun juya abin. Mu kwaɓa shi ruwa-ruwa kamar koko, mu zuba da tsakar rana iskar hunturu na kaɗawa, gobe yaro ya yayyafa masa bokiti biyu, shi ke nan. Ya tsage a ce simintin yanzu ba shi da kyau.

A nan kafin a zuba sai an daddaƙe ƙasa, an fesa maganin gara, ma'aikacin hukuma ya zo ya duba ya sa hannu. Da zafi har ƙanƙara suke sawa a kwaɓin. Suna yanka layuka a daɓe da gangan, don in zai tsage ya bi nan. Inda ƙasa ke kumbura in ta sha ruwa, igiyoyin ƙarfe suke shimfiɗawa a ciki, su ɗaure su tamau bayan 'yan kwanaki, su buga tambari a gareji cewa kada a huda.

Kada ku ɗauka komai nasu ya burge ni. Bayan duk wannan wahala, katako da allo suke ɗorawa a kai su kira shi gida, bangon da naushi ɗaya zai huda. Kuma aiki ne babu rai. Babu mai kawo kunu, babu maƙwabcin da zai leƙo ya ce sannunku da aiki. Nakan tuna ranar zuba dekin a gida, lebura jere da kwanon sarki a ka ana waƙa, mata sun ɗora tukunya tun safe, sai in ji ƙwalla.

Amma kewa ba za ta hana ni faɗa ba. Mai gini ya matse kuɗin siminti, magini ya cika yashi, yashin ma mai laka, a cire katakon tokari tun dekin bai yi ƙwari ba don ana jiransa a wani aikin. Kuɗin 'yan garuwa kuwa shi ake fara yankewa. Araha ba ta ado. Mu da ke waje ma da laifinmu: ni ne nan na riƙa kiran ƙanina a WhatsApp ina cewa a yi sauri, lokacin ginin Hajiya. Shekara uku daɓen falonta ya dare, damina kuma sai an tara roba a ɗaki. Alhali kakanninmu kwaɓaɓɓiyar ƙasa ma sai sun bar ta ta kwana biyu ta tsima kafin su yi tubali, ga hasumiyar Gobarau nan tsaye a Katsina tana kallonmu.

Wata mai zuwa, in sha Allahu, za a zuba dekin ɗakin baya. Na ce a fara da asuba, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a yi ta shayarwa safe da yamma har sati. Kuɗin ruwan daban na tura. Ƙanina ya ce maginin ya yi dariya, wai Yaya ya je Amurka ya koyo fi'ili. Na ce ya faɗa masa na ji, amma kowace safiya a kunna mini bidiyo in ga buhunan a jiƙe.