Nintendo 3DS, wadda aka yi wa jana'iza tun tana numfashi

Ƙanena ne ya zo yana neman shawara: akwai wata sabuwar na'urar wasa ta hannu da ransa ya biya, amma ana ta cewa ba ta yi kasuwa ba a watanninta na farko. "Yaya, kada fa in saya ta mutu a hannuna." Sai na buɗe durowa na ɗauko masa tsohuwar 3DS ɗina.

Ita ma haka aka yi mata. Ta fito a Japan a Fabrairun 2011, ta shiga Amurka a Maris a kan dala 249.99. Mutane suka taɓa, suka yaba, suka ajiye. Ina cikinsu. Wasannin da ta zo da su, irin su Pilotwings Resort da Steel Diver, ba laifi, amma ba su kai mutum ya zare wannan kuɗi ba. Masu sharhi kuwa har sun gama yanke hukunci, wai wayar salula ta cinye kasuwar.

Ko wata shida ba a rufa ba, a Agusta, Nintendo ta zabtare farashin zuwa dala 169.99. Shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya yanke rabin albashinsa, waɗanda suka saya da tsada kuma aka lallashe su da tsofaffin wasanni 20 kyauta. Super Mario 3D Land ya fito a Nuwamba, Mario Kart 7 ya biyo baya a Disamba. A nan ne na miƙa wuya na saya.

Abin da aka fi tallata ta da shi, wato hoto mai zurfi ba tare da tabarau ba, shi na fi saurin gajiya da shi. Sai ka saita kanka cak a gaban allon, da ka ɗan karkata hoton ya rabu biyu. Bayan mako guda na sauke maɓallin daidaita zurfin hoton ƙasa, kuma ban cika ɗaga shi ba tun daga nan. Batirinta ma awa 3 zuwa 5 ne, ba na doguwar tafiya ba.

Amma fa idan aka zo kan wasa, nan take da bakin magana. Tana karɓar kaset ɗin tsohuwar DS, na'urar Nintendo da ta gabace ta, ka ninke ta ka jefa aljihu, ka buɗe ka ci gaba daga inda ka tsaya. Fire Emblem Awakening kaɗai ya hana ni barci dare da yawa, ga Pokémon X da Y a 2013. Kafin a daina ƙera ta a 2020 an sayar da sama da miliyan 75.

Na kuma tuna wa ƙanen nawa PlayStation Vita, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Sony, don kada ya ɗauka kowace mai rarrafe ce ke miƙewa. Ta fi 3DS ƙarfi da kyan allo nesa ba kusa ba, sai dai katin ajiyarta na musamman ne mai ɗan karen tsada, manyan wasanni kuma suka yi ta ƙaranci, har aka daina ƙera ta a 2019.

Na ce masa ya bar ƙirga cinikin watan farko, ya duba wasannin da aka sa wa ranar fitowa, ya ga ko kamfanin zai taɓa farashi. Ya gyaɗa kai, idonsa na kan Mario Kart. Yau kwana goma ke nan bai dawo mini da ita ba.