Shirin wurin aiki ko likitanka na kanka?

Mutane sun yi ta tambayata: idan ciwon damuwa ko fargaba ya kama ma'aikaci, ya shiga shirin ganin mai ba da shawara da kamfani ya tanada wa ma'aikata ne, ko ya nemi nasa masanin halayyar ɗan Adam? Tambayar ta cancanta, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 cututtukan biyu na cinye kwanakin aiki biliyan 12 duk shekara.

Ta fuskar kuɗi, shirin kamfani ya fi sauƙi, domin yawanci kamfanin ne ke biya. Sai dai zaman 'yan kaɗan ne, an tsara shi don matsalar da ba ta yi nisa ba. Na waje kuwa aljihunka zai ji a jikinsa, amma kai ke zaɓen wanda za ka gani, kuma kuna iya shafe watanni kuna gyara yadda tunani ke jan hali.

Sirri shi ne inda mutane suka fi jin tsoro. A ƙa'ida, shugabanka ba ya jin abin da ka faɗa wa mai ba da shawara, amma ka tambaya tun farko. Kuma idan aikin ne kansa ke cinye ka, zama da mai shawara ba zai rage maka yawan aikin ba. Idan ka bar kamfanin kuma, yawanci shirin zai tsaya maka.

Wanda damuwarsa sabuwa ce, ko kuɗi ya yi masa ƙaranci, ya fara da na kamfani. Wanda ciwon ya daɗe, barci ya ƙaurace masa, ko tunanin cutar da kansa ke zuwa masa, ya nufi likitan ƙwaƙwalwa kai tsaye.