Leavenworth ko Helen a watan Oktoba? Ga wanda zan zaɓar miki

Hajiya, kin tambaye ni wanne za ki je a watan Oktoba, lokacin bikin Oktoberfest, tsakanin Leavenworth da Helen, garuruwa biyu na Amurka masu gine-gine irin na Jamus. Tunda da yara za ki tafi, Leavenworth za ki nufa. Helen ki bar wa wanda ke zaune a Atlanta yana neman inda zai yini ya dawo gida da yamma.

Duka biyun ba Jamusawa suka kafa su ba. Garuruwan katako ne da sana'a ta mutu musu, suka sake fuska don jawo baƙi. Leavenworth na jihar Washington ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi bayan an janye babban layin dogo daga cikinta a shekarun 1920, masana'antar katako ma ta rufe. A shekarun 1960 mutanen garin suka haɗa kai suka mayar da gine-ginensu irin na yankin Bavariya na ƙasar Jamus. Helen ta jihar Jojiya ta bi sahu a 1969. Bambancin shi ne Leavenworth tana da duwatsun da suka dace da wannan shiga. Kina tsaye a Front Street, ki ɗaga kai, tsaunukan Cascade ne a kanki, wani lokaci da farin dusar ƙanƙara a ƙololuwarsu tun Oktoba bai ƙare ba.

Daga Seattle tafiyar awa biyu da rabi ce a kan babbar hanya mai lamba 2, ta Stevens Pass, mai tsayin mita 1,238. Rabin daɗin a hanyar yake. Idan kin gangaro kwazazzabon Tumwater, kogin Wenatchee na gefenki, ganyaye sun koma ja da rawaya har bakin ruwa. Mun tsaya a wata rumfar manoma kusa da Peshastin, inda gonakin tuffa suka jeru. Dattijuwar da ke wurin ta ga ƙaramata tana leƙen kwando, sai ta ɗauko tuffa ɗaya ta yanka da wuƙar aljihu, ta ba kowane yaro ɓari, ta ce su ɗanɗana kafin uwarsu ta biya ko kwabo. Ruwansa na bin hannun yarinyar har gwiwar hannu. Da kwali guda muka bar wurin, kuma kafin mu koma gida ya yi rabi.

A cikin garin akwai gidan adana 'yan tsanar katako na fasa ƙwaya, dubbai a jere cikin gilashi, yara ba sa son fitowa. Bayan kantuna kaɗan akwai Waterfront Park, hanyar ƙafa a bakin kogi da keken jariri ke bi ba wahala. A can muka shimfiɗa darduma muka yi la'asar, ba wanda ya ko kalle mu. Masu ƙarfin gwiwa kan hau zuwa tafkin Colchuck don ganin itatuwan larch da ke komawa ruwan zinariya a farkon Oktoba, amma wannan ba tafiyar yara ba ce.

Helen kuwa, na je, ba na marmarin komawa a lokacin biki. Titi ɗaya ne ya ratsa garin, ranar Asabar gosulo kan fara tun kafin ki shiga, mutanen garin ba su fi ɗari biyar da 'yan kai ba amma baƙi dubbai. Abin da zan yaba mata shi ne ruwan Anna Ruby da ke zubowa daga dutse kusa da gandun Unicoi, da kuma cewa ganyenta kan jinkirta sauya launi zuwa ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba.

Maganar bikin kansa, gara ki sani tun yanzu: Oktoberfest bikin giya ne. A birnin Munich na Jamus aka fara shi a 1810, kuma duk inda aka kwaikwaye shi giyar ce a gaba, da kiɗa da rawa. A Leavenworth a ƙarshen mako ake yi, cikin wurin da aka killace ana shiga da tikiti. A Helen ya fi tsawo, daga Satumba har ƙarshen Oktoba. Shi ya sa nake cewa ki isa ranar Litinin ko Talata, ki bar garin kafin yammacin Juma'a. Gari ya lafa, kuɗin otal ya sauko, adon furanni da ganyen kaka duk suna nan. In kina son fareti, akwai bikin ganyen kaka da suke yi a ƙarshen Satumba tun 1964, ya fi dacewa da iyali.

Abinci ki yi hattara. Bratwurst ɗin da ke ƙamshi a kowane lungu yawanci naman alade ne, schnitzel ma haka, kuma wasu miyar cuku da giya ake dafa su. Ruwan tuffa ma iri biyu ne, akwai mai sa maye, ki tambaya kafin a zuba wa yaro. Ki yi guzurin naman halal daga shagunan 'yan Somaliya a Tukwila kafin ki bar Seattle, ki kama masauki mai kicin.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don abin na ci mini rai. Da Oktoba ya matso ɗakuna sun cika, sai 'yan damfara su kwashi hotunan gidajen mutane su sa a Facebook da farashi mai rahusa, su ce ki tura kafin alƙalami ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko katin kyauta don wani na jiran ɗakin. Duk wanda ya ce ki biya a wajen shafin da ya tallata gidan, ki rabu da shi. Ki kira otal ɗin da kanki a lambar da ke shafinsa, ki biya da katin banki. Tikitin biki ma kada ki saya a hannun kowa a bakin titi.

Ki kama ɗaki tun yanzu, ki ɗauki rigunan sanyi masu kauri don dare a can yana cizo, kuma ki duba yanayin Stevens Pass da safen ranar tafiya. Allah ya kai ku lafiya.