Ruwan khal da tsatsar babur ɗin Baba

Shekara bakwai Suzuki 100 ɗin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana jingine a zauren gidanmu a Ƙofar Ƙaura. Rufin zauren na yoyo daidai kansa, saboda haka duk damina sai ya sha ruwa. Ranar da na turo shi tsakar gida, sarƙar ta sandare kamar itace, notuna sun yi jawur, baƙin mai da ƙurar hunturu sun daskare a jikin inji kamar kwalta.

Bakaniken unguwarmu ya zagaya shi ya ce, "Yallaɓai, kafin ka zuba kuɗi a sababbin kaya, gwada ruwan khal." Wanda dai mata ke zubawa a salak. Na sayo farin, lita 2, a Babbar Kasuwa. A jikin robar an rubuta asid ɗin cikinsa kashi 5 cikin 100 ne, shi ne kuma yake narkar da tsatsar.

Daren farko asara na yi, kuma laifina ne. Na tsoma kayan da maiƙonsu, da safe na tarar da su yadda na bar su. Khal ba ya ratsa maiƙo. Sai da na zauna da kalanzir da tsohon burushin haƙori, na biyo da ruwan omo, sannan na sake jiƙa su a bokitin roba na awa 24.

Nan na ga aiki. Ruwan ya koma kalar baƙin shayi, 'yan kumfa na tasowa daga jikin ƙarfen. Na ciro noti ɗaya na goga da burushin waya, tsatsar ta zube kamar laka, zaren ciki ya fito tas. Sandar birki da Baba ya taka shekara da shekaru ta fito da zanenta, har gurbin da takalminsa ya cinye ana gani. Na daɗe riƙe da ita.

Amma ƙarfen da ya fito daga khal tsirara yake. Na shanya kayan a kan buhu na tafi Azahar, kafin na dawo sun fara yin rawaya. Abin da ya yi mini magani shi ne ɗauraye su da ruwan kanwa, domin kanwa na kashe kaifin asid, sai shanya a rana, suna bushewa a shafe su da mai nan take.

Kada a kai khal kusa da kafireta ko murfin inji. Waɗannan ba baƙin ƙarfe ba ne, asid na cin su. Murfi ɗaya da na jefa ciki ya fito toka-toka, har yau abin na damuna. Sarƙa kuwa ta wanku, sai dai ta riga ta saki, dole na sayi sabuwa. Salansar da tsatsa ta huda ma sai mai walda.

Ga notuna, sifok (wayoyin ƙafar babur), sandar birki da jak, zan sake sayen khal ba tare da wani tunani ba. Yanzu tanki ya rage. Na haska cikinsa da tocila jiya, ja ne har ƙasa, ranar Asabar zan cika shi da khal.