SQL injekshin da lalacewar memori a sabar databes: kowanne da maganinsa

Assalamu alaikum. Ɗan uwa da ya tambaya jiya cewa shi ya riga ya toshe SQL injekshin a manhajarsa, to me ya sa ake ta damunsa ya sabunta sabar databes saboda wai matsalar memori, ba duk abu ɗaya ba ne? Malam ba ɗaya ba ne wallahi, kuma wannan ruɗanin yana cutar da mutane sosai, bari in ajiye maka su kusa da juna.

SQL injekshin kuskurenka ne kai mai rubuta manhaja. Ka ɗauki abin da mutum ya rubuta a akwatin shiga ka manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, wato yaren da manhaja ke ba databes umarni da shi, shi kuma ya saka alamar ' ya ƙara nasa umarnin a baya, databes ya karɓa ya aiwatar don a wajensa daga gare ka ya fito. Databes bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Ta wannan hanyar aka shiga kamfanin Heartland na Amurka a 2008 aka kwashe lambobin katin banki kusan miliyan 130. Maganinsa kuma yana hannunka, ka rubuta umarnin da gurbi, ka miƙa abin da mutum ya rubuta daban a matsayin faramita, shi ke nan ka rufe ƙofar.

Lalacewar memori kuwa tsagar tana jikin injin databes ɗin ne da kansa, ba a kod ɗinka ba. MySQL da PostgreSQL da Redis da SQLite duk da C ko C++ aka rubuta su, kuma waɗannan yarukan ba sa duba maka iyaka, in ka ware wa saƙo wurin bayit 64 wani ya aiko 400 kuma ba wanda ya auna tsawon, sauran sai ya malala kan abin da ke maƙwabtaka da shi a memori, har ya danne adireshin da firogiram zai koma in ya gama aikin da yake yi. Mai kai hari in ya iya lissafinsa sai ya sa adireshin ya nuna nasa kod ɗin. Akwai kuma ɗayan nau'in, inda firogiram ya saki wani yanki na memori amma ya ci gaba da amfani da shi kamar har yanzu nasa ne, alhali wani ya riga ya zuba wani abu a wurin.

To ka ga bambancin abin da kowanne ke ba ɓarawo. Da injekshin yawanci yana samun abin da asusun manhajarka ke da izinin taɓawa ne, tebura da bayanai. Da lalacewar memori kuwa yana iya gudanar da umarni a kan kwamfutar da ikon da databes ɗin ke da shi, izinin tebura da ka tsara duk ya tsallake su, in kuma harin bai yi daidai ba sabar ta faɗi kawai, wanda shi ma asara ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Slammer. Ranar 25 ga Janairu 2003 wannan tsutsa, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta da kanta, mai bayit 376 kacal, ƙaramin saƙo ɗaya tak (fakitin UDP) zuwa ƙofar sadarwa ta 1434, ta bi Microsoft SQL Server 2000 ta kama kwamfutoci kusan 75,000 cikin minti goma, intanet ta tsaya cik a Koriya ta Kudu na sa'o'i, na'urorin cire kuɗi na Bank of America da yawa suka daina aiki. Ba ta nemi sunan shiga ba, ba ta aika SQL ko layi ɗaya ba, ko da manhajarka tsaf take ba abin da zai hana ta. Kuma abin baƙin cikin, Microsoft ta fitar da facin, wato gyaran da ke toshe ramin, tun Yuli 2002, wata shida kenan yana ajiye mutane ba su saka ba.

Kar ka ce ai tsohon zance ne. A Oktoba 2025 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta na Wiz suka bayyana irin wannan matsalar ta amfani da memorin da aka saki a ɓangaren Lua na Redis, wato ɓangaren da ke gudanar da ƙananan firogiram da aka rubuta da yaren Lua, kusan shekara 13 tana kwance a cikin kod ɗin. Ita sai an shiga da izini tukuna, amma Redis nawa ne ke zaune a intanet babu ko kalmar sirri? Microsoft ma a 2019 ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da take gyarawa na memori ne.

Gaskiya ne harin memori ya fi wuya yanzu, tsarin kwamfuta na zamani yana yamutsa adireshin memori da wata dabara da ake kira ASLR kuma yana hana gudanar da kod daga wurin ajiye bayanai, shi ya sa injekshin ya fi yawa a zahiri. Amma ni a ganina na memori ya fi ban tsoro saboda ba kai za ka gyara shi ba, sai dai ka jira masu databes su fitar da faci ka saka da wuri. Kafin nan ka rufe ƙofar databes ɗin, 3306 ta MySQL ko 5432 ta PostgreSQL ko 6379 ta Redis, daga intanet da fayawol, wato katangar da ke tace masu shiga, sabar manhajarka kaɗai ta iya isa gare su, kar databes ya gudana da asusun root mai cikakken iko a kan kwamfutar, Lua ɗin nan in ba ka amfani da ita ka kashe ta. Ka faɗa mana wane databes kake amfani da shi da lambar sigarsa, sai mu duba tare ko har yanzu ana fitar masa da faci.