ETLS ko AfCFTA: wacce za ta fi sauƙaƙa maka kwastan?

Alhaji, ka ce kana sayen zoɓo a Dawanau, kana da ɗan kamfanin man gyaɗa a Sharaɗa, kana so ka fara kai kaya Gana, wataƙila har Kamaru, kuma kana tambaya wacce yarjejeniya za ka bi. Amsar tana wurin inda motar za ta sauke kaya.

ETLS, wato tsarin sauƙaƙa ciniki tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ECOWAS ce, kuma tsohuwa ce. An fara ta a 1979 da amfanin gona da aikin hannu, aka shigar da kayan masana'anta a 1990. Kayan da aka yarda na yankin ne ba sa biyan harajin shiga ko kwabo. AfCFTA kuwa, wato yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, jaririya ce: an sa mata hannu a Kigali a 2018, Najeriya ta shiga a 2019, ciniki ya fara a 1 ga Janairun 2021. Ita ba ta yafe haraji lokaci guda. Kashi 90 cikin 100 na nau'ukan kaya ake rage wa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, kashi 7 an ba su ƙarin lokaci, kashi 3 ƙasa na iya tsame su gaba ɗaya. Saboda haka in Akara za ka, ban ga dalilin barin sifili ka bi ragi ba.

Inda ETLS ta fi burge ni shi ne zoɓonka. Amfanin gona da dabbobi da abin da aka yi da hannu, irin takalman fata na Ƙofar Wambai, ba a neman takardar shaidar asalin kaya a kansu. Takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar amfanin gona, dai ba makawa. Man gyaɗa daban ne, tunda ya bi ta inji. Sai kwamitin tantancewa na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya amince da kamfanin da kuma kayan, a ba ka lamba. Za su duba ko gyaɗar ta gida ce. Wanda ke shigo da kayan haɗi daga waje kuwa, ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne aikin da ya yi a nan ya kai kashi 30 na kuɗin da aka kashe. Wanda ya sayo atamfar Sin a Kantin Kwari ya sake mata leda kada ma ya wahalar da kansa.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS, haka ma Chadi, duk da motocinmu ba sa rabuwa da hanyarsu. Can lambar ETLS ba ta da amfani, AfCFTA ce ƙofar, haka Kenya da Masar. Hukumar Kwastan ce ke ba da takardar asalin kaya ta AfCFTA. Kafin ka loda, sa mai sayenka ya tambayi ejan ɗinsa nawa ne harajin lambar HS ɗin kayanka (lambar da kwastan ke rarrabe nau'in kaya da ita) a bana, don ragin a hannun ƙasar da ke karɓa yake. Kayan farko da Najeriya ta fitar da wannan tsari sai a Yulin 2024 suka bar Apapa, ka ga hanyar ba ta gama takuwa ba.

Nijar fa? Ita da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu bisa ETLS har sai an ji sabon bayani, amma ƙasashen uku sun sa harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Mai bi ta Jibiya ko Maigatari ya sa wannan a lissafi.

Kuma duk wacce ka bi, ba za ta ɗauke maka takardun gida ba: rajistar kamfani ta CAC, shaidar mai fitar da kaya ta NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya), da fom ɗin NXP na bayyana kayan da za ka fitar, ta bankinka. Na taɓa ganin mota ta kwana biyu a bakin iyaka, direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, saboda buhunan da aka ƙirga sun zarce abin da ke rubuce a takarda da guda goma sha biyu. Ni da ni ne, da zoɓon zan fara, mota ɗaya zuwa Gana, ina jiran lambar man gyaɗar ta fito.